Doka ta Huɗu da Akushin Markus

Duk sallar layya, in Baffanku Hamisu ya ci nama ya ƙoshi, ya jingina da bangon zaure ya kwance maɓallin wuya, labari ɗaya yake ba ku: wai ni na kayar da Unguwar Hausawa a gasar ƙwallon kwando ta farko da aka yi tsakanin unguwannin Garwa, wai da hannuna na miƙa wa mutanen Bakin Kogi kofi. Kun ji shi sau ɗari tara, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. Bara har cewa ya yi ina rawa lokacin da aka cinye mu. Ban yi rawa ba, numfashi nake nema. To, tunda na zauna ina rubuta muku abin da na gani a duniya, bari in ba ku wannan yadda ya faru. Ba wanke kaina zan yi ba, don ban wanku ba. So nake ku san ainihin laifin da na yi, domin ba shi ne wanda Baffanku yake faɗa ba.

A shekarun nan ɗan garin nan ne yake riƙe da ƙasa, Garwa tana ta kumbura kamar ƙullun waina. Ana shimfiɗa kwalta, ana ɗaga benaye, jiragen sama suna sauka, mu kuma samari muna tafiya muna buɗe hannuwa kamar mu muka gina. Ana cikin haka aka turo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga kudu, Mushe Alber (da Faransanci haka ake cewa malam), siriri mai tabarau, wanda nake jin ko a barci da usur a bakinsa yake kwana. Shi ya zo da wata ƙwallo ja mai ƙuraje a jiki, ya ce ba a taɓa ta da ƙafa, jefa ta ake yi cikin zobe. Muka yi ta dariya, muka ce wannan ai wasan 'yan mata ne na carafke aka ƙara wa girma. Kafin wata ya zagayo ba mai dariya, kowa ya kamu. Har mahauta suna barin nama a kan tebur su zo su yi jifa ɗaya su koma.

Filin kuwa daɓen siminti ne na bayan siton Baba, inda ake shanya gyaɗa da kaka. Da damina ba kowa a kansa sai awaki. Rabin daɓen wata tsohuwar babbar mota ce ta mutu a kai tun ina rarrafe, tayoyinta sun nutse, kaji sun yi jikoki da tattaɓa-kunne a cikinta. Maza arba'in sun taɓa taruwa su ture ta, ita ta ture su. Saboda haka rabin fili muke da shi, da zobe ɗaya tal, wanda maƙeri ya lanƙwasa daga ƙarfen ganga aka kafe a jikin katako a kan itacen giginya. Mushe Alber ya ce ba komai, ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro wasan ana yin na rabin fili, mutum uku-uku. Mu dai mun ɗauka lallashinmu yake yi.

Da unguwanni suka fara ƙalubalantar juna, sai kowace Lahadi ta zama ranar dambe. A fara da ƙwallo, a ƙare da majina da yagaggun riguna. Mushe Alber ya tara mu ya ce in muna son gasa ta gaske, da kofi, sai an rubuta dokoki, in ba haka ba hukuma ba za ta yarda da taron ba. Shi zai riƙe usur, amma sai an sami mai rubutawa da Hausa da Faransanci. Duk aka juyo aka kalle ni. Ina da sartifika ta gama lakwal, rubutuna kuma kamar an jera ƙwai. Ban da haka, kowa ya san ba ni da amfani a cikin fili: tsayina da faɗina ɗaya ne tun ina saurayi, in na kwanta ma ba a gane na kwanta. Nan take aka naɗa ni Sakatare. Washegari na sayi biro uku, shuɗi da baƙi da ja, na jera su a aljihun gaba, na daina amsa gaisuwar yara.

Kwana biyar ina rubutu. Doka ta farko ita ce ta rabin fili: tunda zobe ɗaya ne, in ƙwallo ta koma hannun abokan karawa sai sun fita da ita bayan farin layi kafin su jefa, in ba haka ba ba wanda zai san ta wa ce ta shiga. Wanda ya fara cika goma sha ɗaya shi ya ci. Ta biyu, wasa ranar Lahadi ne bayan la'asar, lokacin Kirista sun dawo daga coci, Musulmi sun yi salla, kuma in ladan ya kira magariba a tsaya ko da ƙwallo tana sama, ta sauko ta jira. Ta uku ta hana shiga fili da babbar riga, domin wani ɗan Unguwar Mahauta ya taɓa cusa ƙwallo a cikin tasa ya taka sannu a hankali har gindin zobe ana ta nemanta. Ta hana wuƙar damtse ma. Laya na bari, muddin tana cikin riga, don da na hana da ba mai zuwa. Akwai ta zagi: zagi zagi ne ko da Hausa, ko da Fulatanci, ko da Faransanci, ko da yaren mutanen kan dutse, kuma tunda Mushe Alber ba ya jin uku daga ciki, fuskar wanda aka faɗa wa zai duba ya yanke hukunci. In ƙwallo ta faɗa cikin motar nan, wanda ya jefa shi zai shiga ya yi wa kaji bayani. Kowace unguwa kuma tana da ɗan jira guda ɗaya, ko wani zai ji ciwo. A tamu unguwar sai na rubuta sunana, don na san mutanenmu ba sa gajiya, ni kuma ina so in shiga hoto.

Na tsallake ta huɗu da gangan, don ita ce maganar.

Tambayar ita ce: wane ne ɗan unguwa? Mushe Alber ya ce a duba katin shaida, inda aka haifi mutum. Na yi dariya har biro ɗaya ya faɗi. Na ce Mushe, in aka bi kati, Baba mutumin Kano ne, rabin Bakin Kogi mutanen Yola ne, kai kanka daga bakin teku ka fito. Ba za a sami ɗan Garwa a nan ba sai motar can. Na ce a gidajenmu ba da takarda ake sanin naka ba, wanda ake zuba wa tuwo in rana ta faɗi shi ne naka. Sai na ɗauki jan biro na rubuta: ɗan unguwa shi ne wanda ya ci tuwon daren unguwar kwana bakwai a jere kafin ranar wasa. Aka yi ta tafi. Wani dattijo ya ce ko alƙalin gari bai taɓa yanke magana mai kyan wannan ba. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, alhali a zuciyata mutum ɗaya nake gani ina rubutun nan, wato Markus.

Markus daga duwatsun bayan Mayo-Ulo ya sauko da awaki shida zai sayar, ya sauka a zauren Baba, don Baba shi ne mai masaukin mutanen dutse in sun shigo gari. Awaki suka ƙare, Markus bai ƙare ba. Baba ya ga mutum ne mai amana ya ba shi makullin sito, sai ga shi shekara tara. Kirista ne, ranar Lahadi da safe ya sa farar rigarsa ya tafi coci, da azumi kuma ba ya ko kurɓar ruwa a gabanmu. Ranar Kirsimeti Inna takan yanka masa zakara ta dafa shinkafa, ta ce ai ɗanta ma yana da salla. Yana da akushinsa daban, baƙi, babba, wanda za a iya yi wa jariri wanka a ciki har ya yi iyo. Tsayinsa kuwa, in ya miƙe a Garwa yana iya gaisawa da mutanen Ngong ya tambaye su farashin dawa. Shi ba jefa ƙwallo yake yi ba, ajiye ta yake yi a cikin zobe kamar mai ajiye ƙwarya a kan maratayi.

Da shi, da Yaya Hamisu wanda shi ne kyaftin, da Garba tela, muka shiga gasa. Unguwa shida ce. Lahadin farko muka share Unguwar Mahauta kafin su gama ɗaure wando. Sai sauran unguwanni suka gane inda dokar take, suka fara aiko wa Markus abinci. Kullum da yamma sai ka ga kwanuka sun yi layi a ƙofar gidanmu: wannan dambun nama, wannan farfesun kan rago, wannan kindirmo daga wata Bafulatana da ta ce wai Markus ya taɓa ɗaga mata tulu. Fatansu ya ci na wata unguwa dare ɗaya mu rasa shi. Inna ta ɗauko kujera ta kafa a bakin zaure kamar 'yar kwastan a kan iyaka. Kowane kwano ta buɗe, ta ɗanɗana, ta faɗi abin da bai ji ba, gishiri ko daddawa, ta mayar da shi da godiya. Ta ce tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa sanin matan Garwa ba su iya girki ba sai bana.

Waɗanda muke tsoro su ne mutanen Bakin Kogi, masunta da 'yan dakon tashar jirgin ruwa, ƙarfafa kamar an sassaƙe su. Kyaftin ɗinsu Hamman, mutum mai sanyin magana wanda ba ya fushi sai dai ya yi murmushi. Da yake damina ce, Binuwai ta cika, jirage sun hauro, sai suka samo wani ma'aikacin jirgi dogo, kusan tsayin Markus, suka sa sunansa. Ni kuwa na sa hula na bi sawu. Kwana biyu ina yawo a tasha ina sayen gyaɗa ina tambayar masu talla, har na gano mutumin a ɗakin Hamman yake kwana, amma a cikin jirgi yake cin abinci. Ranar wasansu na bari sai da aka taru, na fito tsakiyar fili, na ɗaga takarda sama, na karanta doka ta huɗu da Hausa, na maimaita da Faransanci, har na ƙara da Fulatanci wanda ba a rubuta ba.

Hamman ya matso ya ce a hankali, “Sakatare, mutumin nan kwanansa ashirin a ɗakina.”

Na ce, “Takarda ba ta ce kwana ba, Hamman. Tuwo ta ce.”

Aka yi shewa, aka fitar da dogon nan, na koma gida ina jin kamar na ƙara taƙi biyu. Ku riƙe wannan, don daɗin da na ji ranar shi na biya daga baya. Duk da haka Bakin Kogi suka cinye wasanninsu da ɗan jiransu, suka fito wasan ƙarshe. Mu da su, Lahadi mai zuwa.

Ranar Laraba aka aiko cewa Rifkatu, ƙanwar Markus da take auren wani ɗan dako a Bakin Kogi, ta haihu, namiji, na fari. Markus ya nemi izinin Baba, Inna ta ba shi turmin zane da sabulu ya kai, ta ce ya yi maza ya dawo tuwo na kan wuta. Yana isa sama ta ɓalle. Ruwan da aka yi ranar, kifi har kasuwa ya shigo yana tambayar kuɗin barkono. Hanya ta yanke, Markus ya kwana can, kuma mutum ba zai zauna a ɗakin ƙanwarsa mai jego a ajiye masa abinci ya ce yana da wasa ba. Ya ci. Da safe na fito zaure na tarar da akushin nan a rufe da faifai. Na ɗaga, tuwo ya yi sanyi, miya ta yi fata, ba sawun yatsa ko ɗaya. Na mayar da faifai, na ji biro uku sun yi mini nauyi a ƙirji.

Da na bar shi a cikina da shi ke nan. Amma ni mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa, kafin hantsi gida duk ya ji. Inna ta ce ita ta tuƙa, ta kwashe, ta zuba da sunansa, ta rufe, don haka a wurinta ya ci, abin da ya faru tsakanin akushi da ciki ba ruwan gwamnati. Yaya Hamisu ya ja ni bayan sito ya ce in na sake buɗe baki zai cusa mini takardar in haɗiye da biron duka. Garba tela ya ce shi yana iya zuwa ya cinye tuwon yanzu a ce Markus ne, don dama bai karya ba. Baba yana tauna goro, sai da na matsa masa ya ce shi dai ya san baƙonsa, kuma mutum ba ya fita daga gida don ya je barka. Markus kuwa ko a jikinsa. Ya dawo yana ta ba da labarin yatsun jaririn, bai ma tuna akwai wata doka ba, ni kuma na kasa kallon idonsa in tuna masa.

Kwana uku ina yawo da takardar nan tana ƙona mini aljihu. Ina so in ce muku gaskiya ce ta dame ni, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne Hamman. A maƙwabtansa Markus ya ci abincin, ba yadda za a yi bai sani ba. Na riƙa hango shi ya fito tsakiyar fili da murmushin nan nasa, ya karanta mini dokata da harshe uku a gaban duk Garwa. Na ce kafin a kunyata Sakatare, gara Sakatare ya riga kowa.

Ranar Lahadi mutane suka cika har kan rufin motar, kaji suka yi hijira. An jera 'yan wasa shida a bakin layi, ga kofi a kan tebur yana ƙyalli, na dalma ne amma an goge shi da toka har yana kashe ido. Mushe Alber ya sa usur a baki. Sai na ɗaga hannu, na taka zuwa tsakiya, na buɗe takarda. Ban tambayi Markus ba, ban ja shi gefe ba, ban ma gaya masa da safe ba. Na buɗe murya yadda na bakin kasuwa zai ji na ce bisa doka ta huɗu, Markus ba ɗan Unguwar Hausawa ba ne, don ranar Laraba bai ci tuwonmu ba.

Wurin ya yi tsit, har ana jin akuya tana tuƙa. Hamman ne ya fara magana.

“Mu ba mu kawo ƙara ba, Sakatare. Ni na riƙe masa lema ranar. Mutum ya je ganin ɗan ƙanwarsa ne. A bar shi ya yi wasa.”

Ga ƙofa an buɗe mini har da shimfiɗa tabarma. Da ina da hankali da na naɗe takarda na ce to, tunda masu haƙƙi sun yafe. Amma duk gari na kallona, ga biro uku, ga abin da na yi wa dogonsu. Na ce doka ba ta san yafiya ba. Mushe Alber, wanda shi a wurinsa abin da aka rubuta ya fi abin da aka haifa, ya gyaɗa kai. Markus ya dube ni daga can sama inda yake. Bai yi fushi ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tuɓe singiletin da Garba ya ɗinka mana, ya ninke ta a hankali, ya ɗora mini a kan takardar.

Ya ce, “Shekara tara, Iro. Kwano ɗaya na tsallake.”

Ya ratsa mutane ya fita. Sai Mushe Alber ya karɓi takarda daga hannuna ya duba ya ce ɗan jiran Unguwar Hausawa ya shigo. Na waiga ina neman ɗan jiran nan, kowa kuma yana kallona.

Ba zan ba ku labarin wasan dalla-dalla ba, akwai abin da uba ba ya gaya wa 'ya'yansa. Singiletin Markus ta sauko mini har idon sawu amma ta ƙi wuce cikina ta faɗi, sai da aka tsaga gefe. Sau ɗaya ƙwallo ta zo hannuna, na manta dokar da ni na rubuta ta fita bayan layi, na jefa, ta wuce zobe, ta wuce katako, ta faɗa cikin motar, na shiga ɗaukowa wata kaza da ta ƙi hijira ta sare ni a kunne. Yaya Hamisu ya zage ni da harshe huɗu, Mushe Alber ya duba fuskata ya ga zagi ne, amma ya ce wannan na cikin gida ne. Goma sha ɗaya da biyu aka tashi, biyun ma Garba ne ya ci lokacin da mutanen Hamman suka faɗi ƙasa don dariya.

Rashin kofi bai kai kwana biyu yana ciwo ba. Abin da ya zauna shi ne, da muka koma gida, tabarmar Markus ba ta zaure. Makullin sito yana rataye a ƙusa. Ya koma wurin ƙanwarsa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, wanda a wurinta wannan shi ne babban faɗa. Kullum da yamma sai ta zuba tuwo a akushinsa, ta sa nama mafi girma, ta rufe, ta aika zaure, da safe a dawo da shi yadda yake. Ni kuma ƙanzo ake kankaro mini, har na fara ganin ƙafafuna, abin da rabona da shi tun ina lakwal. Yaya Hamisu in zai yi mini magana sai ya gaya wa bango. Gidan ya zama kamar an ɗauke masa ginshiƙi, kowa ya shigo zaure sai ya ɗaga kai sama inda ya saba ganin fuskar Markus, ya ga azara.

A kwana na huɗu, bayan la'asar, Baba ya kira ni. Ya ce shekara arba'in yana saukar baƙi a zauren nan, an sace masa kaya, an yi masa ƙarya, an gudu ba sallama, amma ba a taɓa korar masa baƙo ba sai da ya sa ɗansa a lakwal. Ya ce kofi ba damuwarsa ba ne, yana da moɗa. Sannan ya nuna akushin da Inna ta riga ta cika.

“Ɗauki. A ka za ka ɗora, ba a hannu ba. Kada ka dawo gidan nan kai kaɗai.”

Haka na ratsa Garwa, ni Sakatare, da akushi a ka ba gammo, miyar kuka tana bin ƙeyata. Ta bakin kasuwa na bi don ba wata hanya. Mahauta suka bar nama suka fito, wani ya tambaya ko doka ta nawa ce wannan. Da na shiga Bakin Kogi, yaran unguwa suka bi ni da tafi har ƙofar gidan Rifkatu. Ga Markus zaune a kan turmi a tsakar gida, jaririn yana kwance a tafin hannunsa ɗaya da sauran wuri. Hamman na gefe yana gyaran koma, kofinmu kuwa an zuba gishiri a ciki an ajiye a bakin murhu. Na sauke akushi, na durƙusa, na gaishe su. Duk jawabin da na shirya a hanya da harshe biyu ya gudu ya bar ni.

Markus ya dubi akushi ya dube ni. “Wa ya aiko ka?”

Na ce Baba ne, Inna kuma ita ta zuba.

“Su na san nasu. Kai fa?”

Na ce ni ne na yi abin kunya, na ji tsoron a yi mini dariya a fili shi ya sa na sayar da shi a fili, kuma ga shi dariyar ba ta fasa ba. Na ce zauren nan ya yi mana faɗi. Hamman bai ɗaga kai daga komarsa ba ya ce su dai in ba ma so suna so, ya riga ya ci tuwonsu kwana huɗu, saura uku takarda ta ba su shi. Rifkatu daga ɗaki ta ce don Allah a kwashe shi, ya cinye mata abincin jego, ita aka ce ta haihu amma shi yake murmurewa.

Markus ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa. Ya miƙa jaririn, ya wanke hannu, ya buɗe faifai. Ya daɗe yana kallon naman nan da Inna ta ɗora a sama. Sannan ya ce zai koma, don Inna da Baba, amma da sharaɗi ɗaya: daga ranar, ba yaro ba, ba kowa ba, ni zan riƙa ɗauko akushinsa daga cikin gida in kawo zaure, tunda ni ne mai kula da wanda ya ci da wanda bai ci ba. Na ce na yarda. Na ɗauka wasa ne na mako ɗaya.

Shekara huɗu na yi ina wannan aikin, har ranar da ya yi aure muka kai masa amarya. Na yi gemu ina yi, na buɗe shagona ina yi, ranar da aka kai kuɗin auren mahaifiyarku ma sai da na baro mutane na zo na yi. Kuma bai taɓa barina in ajiye in tafi ba. Sai in tsaya, ya wanke hannu a nitse, ya gutsuro loma kamar kan jariri, ya dangwala miya, ya ɗaga ta sama yadda zan gani da kyau, ya kai baki, ya haɗiye. Sannan ya dube ni ya ce:

“Ka gani ko, Sakatare? To, je ka rubuta.”